Bututun PVC ba dalma: zai yiwu a irin injinanmu kuwa?

Alhaji Garba Mai Fayif: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da 'yar masana'antar bututun PVC a Sharaɗa, muna yin na ruwa da na saka wayar lantarki. Wasu 'yan kwangilar rijiyoyin burtsatse sun kawo mana aiki mai kauri, amma da sharaɗi a rubuce: kada a sami dalma a cikin bututun. Mu kuwa tun da muka buɗe, sitabilaizar dalma, wato sinadarin da ke hana roba ƙonewa a inji, muke zubawa kamar kowa. Na sayo ta kalsiyam da zinki, muka zuba daidai awon da muka saba. Bututu ya fara fitowa fari tas, har ya fi na da kyau. Ana cikin haka aka ɗauke wuta. Kafin a tada janareta, kayan da ke cikin inji sun koma gawayi, wari mai yaji ya cika ɗaki, sai da muka kwance bakin inji muka kankare shi. Da ta dalma ce, da tsayuwar nan ba ta yi mana komai ba. To masana, jabu aka sayar mini, ko kuwa abin nan na Turawa ne masu wuta dare da rana?

Baba Audu: Wa alaikumus salam. Alhaji, koma wa abin da ka sani. Na yi aikin injin roba har na yi ritaya, ban ga abin da ya kai dalma haƙuri ba. Ga araha, ga jure sakacin yara.

Injiniya Maryam: Alhaji, da wuya a ce jabu ce. Abin da ka bayyana sananne ne, ƙunar zinki ake ce masa, kuma yadda ya fara da fari tas ɗin nan shi ne shaidarsa.

Bari in faro daga tushe don waɗanda ba sana'arsu ba ce. PVC ba kamar sauran robobi take ba, domin kusan kashi 57 cikin 100 na nauyinta kulorin ne. Ba ta yin laushin da za a iya sarrafa ta sai zafi ya kai digiri 160 zuwa 200, alhali tun kafin a kai nan ta fara sakin kulorin ɗinta a matsayin asid, wato warin da ya cika maka ɗaki. Mugun abin shi ne asid ɗin da ya fita shi ke ƙara ingiza saura su fita. Shi ya sa launi ke tafiya daga fari zuwa rawaya, zuwa ruwan ƙasa, zuwa baƙi. Babu mai iya sarrafa PVC tsurarta, dole sai da abin da zai kama asid ɗin nan.

Dalma tana kama shi ta zauna lafiya, domin gishirin da take zama bayan ta sha asid ba ya tayar da wata fitina. Zinki ya fi ta iya aiki a farko: yana zuwa daidai gurbin da kulorin ke shirin ɓallewa ya toshe shi, shi ya sa kayan ke fita da haske. Amma bayan ya yi wannan aikin sai ya koma zinki-kuloraid, wanda shi kansa mai hura wutar lalacewar ne. Nan kalsiyam ke shigowa, ya karɓe kulorin daga hannun zinki, zinki ya koma bakin aiki. Kamar masu miƙa kwanon kankare ne a wurin ginin bene: muddin na sama yana karɓa, aiki na tafiya, da ya gaji sai kwanuka su taru a kan tsani komai ya rushe lokaci guda. Da kayanka suka tsaya cikin zafi, kalsiyam ya ƙare, zinki-kuloraid ya taru, sai baƙi ba gargaɗi.

Alhaji Garba Mai Fayif: To ai kin ƙarfafa maganar Baba Audu ke nan, Injiniya.

Injiniya Maryam: A'a ranka ya daɗe. Na nuna maka inda ramin yake ne, kuma an daɗe da sanin yadda ake cike shi. Kalsiyam da zinki su kaɗai ba sa isa, sai da mataimaka. Akwai haidirotalsait, wani farin gari na magniziyam da alminiyam mai hawa-hawa, da ke haɗiye asid ya riƙe shi a tsakanin hawayensa. Akwai ziyolait mai irin wannan aiki. Akwai fentaeritiritol da danginsa, masu ɗaure zinki-kuloraid kada ya yi ɓarna. Akwai fosfait da bita-daikiton masu gyara launin farko. A kayan roba mai laushi kuma ana ƙara man waken suya da aka sarrafa shi ya iya kama asid. Buhu biyu za su iya ɗaukar suna ɗaya, kalsiyam da zinki, amma ɗaya an haɗa shi don labulen roba mai son haske, ɗaya don bututu mai kauri da zai daɗe a cikin inji. Wanda ya yi yawan zinki da ƙarancin masu haɗiye asid, shi ne zai ba ka fari mai burgewa sannan ya ci amanarka. Me aka rubuta a takardar buhun naka, na bututu ne?

Alhaji Garba Mai Fayif: Babu wata takarda. Dila ne ya kawo, ya ce na PVC ne.

Usman Kebul: To ga inda gizo ke saƙa. Alhaji, ko da na bututun ne, zuba awo ɗaya da na da ba ya aiki. Haɗin dalma da muke saye ba kare ƙuna kaɗai yake yi ba, akwai sabulun dalma a ciki mai sa kayan su zame a jikin ƙarfe. Ka cire shi, ka cire man shafawar injinka ne ba ka sani ba. Sabulun kalsiyam kuma yana sa gari ya narke da wuri, ya kama sukurun da ke tura kaya a cikin inji, gogayya ta ƙaru, zafi ya hau daga cikin kayan ko da agogon hita bai nuna ba. Don haka sai an sake auna kakin farafin da kakin PE (wata roba ce daban da PVC), a riƙa duba allurar amfiya ta motar da ke juya injin. In ta hau sama da yadda aka saba, kayan na shan wahala a ciki. Ka kuma duba bakin inji da wurin sanyayawa, za ka ga wani farin abu yana taruwa, shi ma alamar man bai daidaita ba ne.

Malam Tasi'u Falamba: Ni tambayata ta talaka ce. Duk gidajen da na yi wa aikin famfo da fayif ɗin kasuwa, ashe guba na jawo musu? Ku faɗa mini gaskiya.

Injiniya Maryam: Kwantar da hankalinka Malam Tasi'u. A cikin bututu mai tauri, dalmar a kulle take cikin roba. Wadda ke fita ita ce ta saman fatar ciki, ta fi yawa lokacin da bututu ke sabo, sai ta yi ta raguwa. Ruwa mai zafi, ko mai ɗan tsami, ko wanda ya kwana a tsaye, ya fi jawo ta. Abin da za ka iya yi shi ne in ka gama sabon aiki ka bar ruwa ya zuba sosai kafin a fara sha, kuma kada ka bar bututu a fili rana na dukansa. Tankunan ruwa na saman gida da ledar fiya wata duk dangin robar PE ne, bututun PPR kuma dangin robar PP, babu kulorin a cikinsu, ba sa buƙatar irin wannan sitabilaizar tun asali.

Dakta Aminu: Na yarda da Injiniya cewa ba abin firgita ba ne a ce a fasa gini a ciro fayif. Amma ina so mu daina auna maganar dalma da ma'aunin "kaɗan ce". Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jinin yaro da aka san ba ya cutarwa. Iyakar da ta sa wa ruwan sha maikirogiram 10 ce a lita, kuma ita kanta ta ce ba don wannan adadin ya zama lafiya ba ne, sai don shi ne abin da ake iya cimmawa. Mu a Arewa ba labari aka ba mu ba. A 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Zamfara, yara kusan 400 suka rasu saboda ƙurar dutsen zinare mai dalma da ake niƙawa a cikin gidaje. Wancan ya fi wannan tsanani nesa ba kusa ba, kada a ce na haɗa su. Sai dai hanyar shigar iri ɗaya ce: ƙura, hannu, baki.

Don haka ni mai shan ruwan bai fi damuna ba. Wanda ya fi damuna shi ne yaron da ke yanka buhun farin garin dalmar nan ya juye a mikisa, injin cakuɗa gari. Ka kalle shi da yamma: gira fari, cikin hanci fari, ya zauna a kan buhunan yana cin garau-garau da hannun da ya ɗauraye da ruwa kawai. Da rigar nan zai hau babur ya koma gida, 'yarsa mai rarrafe ta rungume shi, matarsa ta wanke rigar a bahon da ake wa yara wanka. A babba, dalma na kawo hawan jini da ciwon ƙoda da matsalar haihuwa. A yaro kuwa ƙwaƙwalwa take taɓawa, kuma abin da ta rage ba ya dawowa.

Baba Audu: Dakta, ga ni nan da raina. Madara ake ba mu kullum bayan aiki.

Dakta Aminu: Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana Baba. Amma madara ba ta fitar da dalma daga jiki, tsohuwar al'adar masana'antu ce kawai. Dalma tana zama a ƙashi shekara da shekaru, mutum na yawo bai sani ba. In ka sami dama ka sa a duba maka jini da ƙoda, ba don wani abu ba.

Abdul a Jamus: Ga mai tambayar ko abin na Turawa ne, su ma fa ba dare ɗaya suka yi shi ba. Masana'antun PVC na Tarayyar Turai sun fara ajiye kadmiyam, wani ƙarfe mai guba da ake sawa a sitabilaiza, a 2001. Dalma kuwa sai ƙarshen 2015 masu haɗa sitabilaiza suka kammala daina sayar da ita a ƙasashen Tarayyar, bayan alƙawarin da suka ɗauka tun shekarar 2000. Shekara 15 ke nan suna gwaji suna ƙona kaya. Doka ta zo daga baya: ta 2023, wadda ta fara aiki a Nuwamban 2024, ta hana sayar da kayan PVC da dalmarsu ta kai kashi 0.1 cikin 100, har da na shigowa daga waje. Amurka kuma wata hanya ta bi, bututunta da sinadarin kuza ake yi tun da daɗewa. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Indiya, mai zafi da ƙananan masana'antu barkatai, wadda ta fitar da dokar dalma a bututun PVC a 2021.

Wani abu da ya shafi ranarmu: a 1996 hukumar kare masu sayen kaya ta Amurka ta gano cewa labulen taga na PVC da ake shigo da shi, in rana da zafi suka ci shi, yana fitar da ƙurar dalma a samansa, yara na shafawa suna kai hannu baki. Wannan ranar Amurka ke nan. Ku kwatanta da ta Sakkwato ko Agadas a watan Afrilu.

Hajiya Binta: To me zai hana Alhaji ya bi hanyar Amurka? Kuza ai muna da ita a Jos.

Injiniya Maryam: Hajiya, kuzar Jos ma'adini ce, wannan kuwa ruwan sinadari ne da ake haɗawa da ita a manyan masana'antu, sai an shigo da shi. Yana da ƙarfi ƙwarai, a bututu ƙasa da kashi ɗaya kan kowane kashi 100 na garin PVC ya isa, kuma shi ke ba da roba garai-garai mai kama da gilashi. Amma yana da tsada, yana da wari, ba ya shafa inji ko kaɗan, kuma wasu nau'o'insa Turai ta taƙaita su a kayan amfanin jama'a tun 2012. Babbar matsalarsa a wurinmu ita ce sulfa da ke cikinsa. Ya haɗu da ɓurɓushin dalma, ko daga tsohon inji ko daga markaɗaɗɗen fayif, sai kayan su yi dabbare-dabbaren baƙi. A garin da kowa ke cakuɗa tsohon kaya da sabo, wannan ba ƙaramin ciwon kai ba ne.

Akwai hanya ta uku, sitabilaizar da ginshiƙinta ba ƙarfe ba ne, wadda aka gina kan sinadarin yurasil. Ana amfani da ita a bututu, ba ta da ƙunar zinki, kuma tana jure a sake markaɗa kaya a mayar. Samunta ne aiki a kasuwarmu.

Sani Maraɗi: Ni ɗan kasuwa ne, daga Kano nake saro fayif da takalman roba. Ku yi mini bayani, shi zinkin ba ƙarfe ba ne? An gudu daga wani ƙarfe an faɗa wani.

Dakta Aminu: Ƙarfe ne Malam Sani, amma jiki na buƙatarsa. Shi ne ƙwayar da muke ba yara tare da ruwan gishiri da sukari in suna gudawa. Kalsiyam kuma shi ne ƙashinka. Dalma da kadmiyam babu wani aiki da suke yi wa jiki sai ɓarna.

Usman Kebul: Bari in faɗi inda dalma ta fi wuyar saki, don kada a ɗauka komai sauƙi ne. A rigar wayar lantarki, gishirin dalma ba ya narkewa a ruwa, ba ya jan danshi, don haka rigar na riƙe ƙarfinta na hana wuta fita ko a cikin damina. Kalsiyam-kuloraid kuwa mayen ruwa ne. Haɗin da bai yi kyau ba, ka jiƙa wayar a ruwan ɗumi na kwanaki, sai ka ga awon ya faɗi. Haidirotalsait ne ya ceci wannan fannin, tunda yana kulle kulorin ɗin a cikinsa. Abin da ya tilasta wa masu kebul na duniya sauyawa shi ne dokar Turai kan kayan lantarki da ta fara aiki a Yulin 2006, mai iyakance dalma a kashi 0.1 da kadmiyam a kashi 0.01. Duk mai son sayar musu da caja ko talabijin dole ya bi. Yau an kai inda ake yin wayar mota mai jure zafi ba dalma. Saboda haka in an iya a kebul, bututu ba zai gagara ba.

Alhaji, ga gwajin da ba ya buƙatar ɗakin bincike mai tsada. Ka sami 'yar tanda mai riƙe zafi daidai, ka sa ta a digiri 190. Ka yanka kayanka ƙanana-ƙanana, na dalma layi ɗaya, na kowane sabon haɗi layinsa. Duk minti 10 ka ciro ɗaya daga kowane layi ka manna a farin kwali. Za ka ga na dalma yana dusashewa a hankali, daga ruwan madara zuwa ruwan ƙasa. Na zinki zai tsaya fari, fari, fari, sai kwatsam baƙi ƙirin. Minti nawa ya ɗauka kafin ya yi baƙin, shi ne lokacin da kake da shi tsakanin ɗaukewar wuta da tashin janareta. Da kwalin nan za ka yi ciniki da dila, ba da baki ba. Mu a kebul muna ƙarawa da gwajin jar takardar Kongo: a sa kayan a kwalbar gwaji a digiri 200, a rataya takardar a sama, a ƙirga lokacin da za ta koma shuɗiya.

Alhaji Garba Mai Fayif: Wannan kwalin zan yi shi. Amma ku faɗi maganar kuɗi. Kilo da kilo, ta fi ta dalma tsada, kuma mai saye a Kofar Ruwa farashi yake tambaya, ba ya tambayar abin da ke ciki.

Injiniya Maryam: Kada ka yi lissafi da kilon sitabilaiza, yi da mitar bututu. Gaba ɗayanta kashi 2 zuwa 4 ce kan kowane kashi 100 na gari, garin PVC da ake shigo da shi da dala shi ne ke cin kuɗinka. Sannan gishirin dalma abu ne mai nauyi, haɗin kalsiyam ya fi shi sauƙi, don haka kilo ɗaya na kayan yana ba da ɗan ƙarin tsawo. Ba na ce zai zo daidai ba, akwai ƙari, musamman watannin farko da za ka yi asarar gwaji.

Game da wuta kuma, gaskiya ita ce dalma ta daɗe tana rufa wa injinanmu asiri. Sukuru ya cinye, bakin inji na da lungun da kaya ke maƙalewa, na'urar auna zafi ta mutu an bar ta, duk dalma na shanyewa. Sabon haɗi ba zai shanye ba. Ka nemi wanda aka ƙarfafa shi da masu haɗiye asid ko da launinsa bai kai wancan haske ba, tunda bututun burtsatse ba kwalliya zai je yi ba. Ka gyara yadda janareta ke karɓa. Ka ajiye buhun haɗin wanke inji, mai sitabilaiza da yawa, wanda za a tura da zarar wuta ta dawo ko lokacin tashi daga aiki. A mikisa ka bar gari ya kai digiri 110 zuwa 120 don danshi ya fita, a sanyaya shi zuwa wajen 40 kafin a zuba a buhu. Kuma ka wanke layin gaba ɗaya, kada ka mayar da markaɗen tsohon fayif ɗinka cikin aikin 'yan kwangilar nan, domin in suka ɗora masa na'urar XRF mai gano ƙarfen da ke cikin kaya, cikin daƙiƙoƙi za ta nuna dalma.

Malam Nura (dalibin kimiyya): Abin da ke ba ni takaici shi ne rabin kayan haɗin nan muna da tushensu. Sabulun kalsiyam da na zinki daga kitsen manja ake samo asid ɗinsu. Waken suya ga shi a Binuwai da Kaduna. Kuma an yi binciken a gida: Farfesa Okieimen na Jami'ar Benin da abokan aikinsa sun wallafa ayyuka kan kare PVC daga zafi da man 'ya'yan itacen roba, da man bini-da-zugu, har da man 'ya'yan maɗaci. Maɗacin nan da ke bakin titunanmu.

Usman Kebul: Malam Nura, sakamakon kwalbar gwaji daban, tan guda mai inganci iri ɗaya kowane wata daban. Mai masana'anta ba zai sa injinsa a hannun man da yau ya zo da kauri gobe ya zo da ruwa ba. Man waken suyan dai na ga hanyarsa, tunda masu takalma da masu tiyo za su saya.

Ɗanjuma Dakata: Duk na karanta. Ku manya kuna maganar sabon gari daga jirgin ruwa. Mu kuma abin da 'yan jari bola suka kawo shi ne jarinmu: tsofaffin takalma, tiyo, ɓawon waya, fasasshen fayif. Mu wanke, mu markaɗa, mu sayar wa masu takalmin roba. Ban taɓa sayen dalma ba, amma daga bayaninku tana cikin kayana tun daga ranar da aka yi su. In aka kafa doka gobe, mu za a fara rufewa ke nan?

Abdul a Jamus: Wallahi tambayarka ita ce ta fi ba Turai wahala. A Fabrairun 2020 Majalisar Turai ta yi watsi da daftarin farko, saboda ya ƙyale dalma mai yawa a robar da aka sake sarrafawa. A dokar 2023 aka yi sulhu: PVC mai tauri da aka sake sarrafawa an bar ta har kashi 1.5 zuwa 2033, amma a kayan gini kawai irin su firam ɗin taga, a lulluɓe ta da sabuwar roba inda mutane ke taɓawa, a rubuta a jiki cewa akwai dalma, kuma ban da bututun ruwan sha. Mai laushi kuwa wa'adinta gajere aka ba ta, ya ƙare a Mayun 2025.

Hajiya Binta: Mai laushin kuwa ita ce takalman da yaranmu ke sawa, masu rarrafe har tauna su suke yi.

Injiniya Maryam: Shi ya sa ni ban ga amfanin a fara da su Ɗanjuma ba. Muddin ana zuba sabuwar dalma a sama, ta ƙasa ba za ta ƙare ba. A fara tsayar da ita a wurin masu sabon gari, musamman bututun ruwan sha, sannan tsohon kaya a karkata shi inda ba ya haɗuwa da baki: bututun saka waya cikin bango, bututun masai, tafin takalmin manya. Ɗanjuma, abin da ke hannunka shi ne rarrabewa. Ɓawon tsohuwar waya da tsohon fayif su ne suka fi ɗaukar dalma, kada su shiga buhun da za a yi takalman yara. Roba mai launin rawaya ko ruwan lemo mai ƙarfi ita ma ka ware ta, domin wani fentin rawayan da dalma ake yinsa. In kana son gwaji na kusa, sodiyam salfaid da masu jima ke cire gashin fata da shi a Challawa yana sa robar da ke da dalma ta yi duhu in an jiƙa sabon yanka a ruwansa. Alama ce kawai ba hukunci ba, yana cin hannu, kuma kada a kuskura a haɗa shi da asid, iskar da ke fita tana kisa.

Ɗanjuma Dakata: Ware ɓawon waya da fayif ba wuya, da ma farashinsu daban. Launi ma yara za su iya. Abin da ba zan iya ba shi ne hana mai takalmi ya saye buhun waya ya cakuɗa da kansa, tunda ya fi araha. Na ga dai masu ƙona waya don cire tagulla, su kam na daina saye a hannunsu, hayaƙin ya isa.

Dakta Aminu: Wannan hayaƙin ya fi duk abin da muka tattauna muni, gara da ka guje shi. A wurin markaɗenka kuma, a riƙa yayyafa ruwa kafin shara maimakon a tada ƙura da tsintsiya, a ware kayan aiki su kwana a nan, a sa sabulu a bakin famfo, abinci kuma a ci shi a waje. Ƙananan yara da mata masu ciki kada su yi aikin tsintar kaya kusa da injin.

Ɗanjuma Dakata: Matan da ke mana wanki da tsinta da goyonsu suke zuwa, Dakta. In na ce kada su zo da su, ba su da inda za su bar su. Sai dai in kafa musu rumfa a can bayan katanga, nesa da injin.

Dakta Aminu: Kafa ta ta gefen da iska ke fitowa, a shimfiɗa tabarmar da ba ta taɓa shiga wurin aiki ba, kuma uwa ta wanke hannu da sabulu ta sauya zani kafin ta ba da nono.